Goman da Baba Ya Ƙi Faɗa

Mahaifina mahauci ne, kuma tun ina yarinya na san shi da babur ɗaya da hanya ɗaya. Kullum bayan sallar asuba yakan bar gidanmu na Ƙofar Marke ya tafi kwata, in hantsi ya fara ya ɗauro nama a bayan babur ya nufi rumfarsa. Tsakanin kwata da rumfar akwai wata mahaɗa da dole sai ya tsallaka, a kan titin da manyan motoci ke bi in sun fito daga wajen Kalambaina. Titin yana da ɗan gangare a wurin, ga kwana, ga kuma katangar wani gida da ta tare ido, har mai fitowa daga ƙaramar hanya ba ya ganin abin da ke tahowa sai tayarsa ta gaba ta riga ta hau kwalta. Shekara da shekaru ban taɓa kawo wa raina komai a kan wurin ba. Sai da na zama injiniyar hanya na fara jin tsoronsa.

Wata bazara aka kawo wa sashenmu jerin mahaɗu goma sha biyu na cikin gari, aka ce uku kawai za a gyara, mu zaɓo waɗanda suka fi haɗari. Ta Baba tana cikin jerin. Shugaban sashenmu, wani dattijo mai son shayi da ƙin hayaniya, ya miƙo min aikin, don lokacin ban daɗe da dawowa daga ƙaro karatu ba, kuma na ishi kowa a ofis da labarin abin da na koyo. Ina jin ya ba ni ne don kunnensa ya huta.

Na fara da littafin da ake rubuta haɗura. Da na buɗe shafin mahaɗar Baba sai na tarar da layi biyu kacal, duka na motocin da suka gogi juna. Ban yi mamaki ba, na san mutanenmu. In mota ta buge mutum ba a jiran takarda. A ɗauke shi a yi asibiti, in rai ya yi halinsa a yi masa sutura kafin la'asar, dangin direba su zo gaisuwa, a ce ƙaddara ce, an yafe. Wanda zai rubuta rahoto in ma ya zo, sai ya tarar an zuba ƙasa a kan jinin, motoci na ta wucewa.

To a irin wannan hali, da littafi ba shi da abin faɗa, akwai dabarar da aka koya mana. A makaranta fazi muke ce mata, ni kuwa da Hausa nakan ce lamba mai dishi-dishi. Ba wani abin a zo a gani ba ne. In ka tambayi Innata tsawon lokacin da wake ke ɗauka kafin ya nuna, ba za ta ba ka amsa ɗaya ba. Za ta ce in wuta ta kama sosai kaza ne, yawanci kaza ne, in icen ɗanye ne kuwa sai kaza. Amsoshin nan uku su ne lamba ɗaya mai dishi-dishi, kuma ta fi gaskiya a kan wanda zai bugi ƙirji ya ce minti arba'in daidai. Haka za a je wa mutanen da suka san hanya, direbobi da masu sana'a a bakinta, a tambaye su munin haɗarin wurin a ma'auni daga ɗaya zuwa goma. Ɗaya na nufin an gogi fenti an yi cacar baki an wuce, goma na nufin an ɗauki gawa. Kowa ya ba da uku: in abin ya zo da sauƙi, yadda aka saba gani, da kuma in ya kai maƙura a muni. Daga baya a tattara, a ɗauki tsakaicinsu, a haɗa da yawan faruwar haɗarin, sai kowace mahaɗa ta fito da maki ɗaya da za a jera ta da shi. Na buga takardu masu gurbi uku a kowane layi, ina ta jin kaina.

Mahaɗun da ke kusa da ofisoshi ba su ba ni wahala ba. Ma'aikata da malaman makaranta sun saba da cike takarda. Kafin in gama tambaya ta uku sun ce goma, wani ma ya tambaye ni ko ba a sa sha ɗaya. Wasu daga cikinsu na tabbata ba su taɓa ganin ko akuya an buge a wurin ba, suna so dai a gyara musu hanyar zuwa aiki.

Ranar da na je mahaɗar Baba rana ta yi zafi kamar za ta sauko. Na zauna a bencin mai shayi, mahauta da 'yan kabu-kabu suka kewaye ni, don 'yar gida ce ta zo da takarda. Ba na rubuta suna, lamba nake ba kowa. Na takwas shi ne maƙwabcin Baba a rumfa, wani tsoho mai sayar da kayan ciki, wanda tun ina rarrafe nake ce masa Kawu. Mutum ne mai barkwanci, kullum tsokanata yake wai na yi karatu har na wuce cin tumbi.

Na yi masa bayani, ya gyaɗa kai. "Awo, na gane. Ta hwarko sa biyu. Ta tsakiya sa huɗu, don ana karya ƙahwa nan wurin."

"Ta ukku hwa, Kawu? In abin ya yi muni ƙwarai?"

"Allah shi kiyaye."

"Amin. Amma lamba nika so."

"To ai ita ta na ba ki," in ji shi, aka kwashe da dariya.

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko da ta biyu kowa na da ita a baki, har da gardama a tsakaninsu. Da na zo ta uku sai mutum ya kau da kai, ko ya tofar da yawu gefe, ko ya ce Allah ya tsare. Baba ne na tara. Ya ba ni biyu da huɗu kamar abokinsa, sannan ya dube ni yadda yake dubana in na yi rashin hankali gaban baƙi.

"Ɗiyar ga, nan nika biyawa kullum da sahe. Kina son in yi ma kaina baki?"

Raina ya ɓaci. Na san abin da suke gudu, don a cikinsa na tashi. A gidanmu ba a cewa wane zai mutu ko da wasa, ba a cewa kada ka faɗa rijiya, sai dai a ce yi a hankali. Amma a ranar gani nake ai wannan aikin gwamnati ne, ba hirar tsakar gida ba. Na tattara takarduna na tafi ina gunaguni, ina cewa a raina mutane a zo a taimake su suna yi wa mutum tsohon yayi.

A ofis na zauna shigar da lambobin a kwamfuta, sai ta ƙi karɓar layin da ke da gurbi wofi. Nan na yi kuskuren da har yau ban manta da shi ba. Na ce tunda ba su ba da ta uku ba, bari in maimaita ta tsakiya. Duk inda aka ce min Allah ya kiyaye, na sa huɗu. Ban ɗauki ko minti ɗaya ina tunani ba, hankalina na kan in gama in tafi gidana da ke unguwar Gidan Dare kafin a ɗauke wuta a ofis. Da jerin ya fito, mahaɗar Baba ta zo ta bakwai. Na kai wa shugaba ranar Litinin, ya ce Alhamis zai sa hannu ya tura sama.

Ranar Talata da safe na koma wurin don in auna faɗin titin, abin da ya rage min ke nan a rahoton. Ina tsaye kusa da mai shayi da tef ɗin awo a hannuna sai na hango Baba ya fito daga ƙaramar hanya, cinyoyin sa biyu ɗaure a bayansa an rufe da buhu. Daga inda nake ina ganin abin da shi ba ya gani. Wata tifa ce cike da yashi take gangarowa ta bayan katangar. Na buɗe baki in yi ihu, amma na makara. Ya sa tayarsa a kwalta, direban ya danna hon ya taka birki, ƙarar ta cika min kunne, Baba ya ja babur baya da ƙafafunsa, nauyin naman ya kusa kayar da shi. Tifar ta wuce, iskarta ta ɗaga buhun. Tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne babu wanda ya ko tashi tsaye. Mai shayi ya ci gaba da firfita shayinsa. Baba ya gyara hula ya tsallaka ya wuce, bai ma gan ni ba. Wato abin da na gani ba labari ba ne a wurin, haka kowace safiya take. Na zauna a benci, sai a lokacin abin ya faɗo min. Waɗanda suka ce min goma da sauri ba su taɓa ganinta ba. Waɗanda suka ga goma da idonsu, suka ɗauke ta da hannunsu, su ne suka kasa faɗinta, ni kuma na je na rubuta musu huɗu. Da hannuna na cire hanyar mahaifina daga cikin waɗanda za a gyara.

Na wuce ofis kai tsaye na faɗa wa shugaba komai, ina magana ina haki. Ya ajiye kofinsa ya saurare ni har na gama.

"Injiniya, lissahin ga naki na, ba nawa ba," in ji shi. "Kuma ba a canza lissahi don babanki na biyawa nan. In kin ce sun san goma, koma ki jiyo daga bakinsu. Ba mu cike ma mutane baki. Kina da gobe."

Na fita ina jin haushinsa, duk da na san gaskiya ya faɗa. Yini na yi ina juya yadda zan sa tsofaffin nan su faɗi abin da suka rantse ba za su faɗa ba. Da yamma na biya Ƙofar Marke, na tarar da Inna da wata maƙwabciya suna lissafa mutanen unguwa da suka rasu a shekarar, suna ambaton kowa suna yi masa addu'a, ba ko gezau. Sai na ga inda na yi wauta. Abin da bai faru ba ne ba ma faɗa. Wanda ya riga ya faru kuwa muna faɗinsa kullum, har lada muke nema da shi.

Laraba da hantsi na koma bencin mai shayi. Na bar takardun cikin jaka. Na ce ba lamba na zo nema ba yau, so nake su faɗa min waɗanda suka rasu a wurin nan in yi musu addu'a. Kawu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya fara da wani mai kai madara da aka buge shekarun baya, Allah ya jiƙansa, muka ce amin. Sai wata mata da goyonta. Sai ɗan kabu-kabu da fasinjansa, rana guda. Wani ya tuna masa da wani, wani ya nuna min daidai inda takalmin mutum ya tsaya. Kawu ya ce shi ya riƙe kan wani daga cikinsu yana laƙƙana masa kalmar shahada, a can gindin katangar. Babu barkwanci a bakinsa ranar. Babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan a littafin ofis. Baba yana zaune a gefe yana wasa wuƙarsa, bai ce uffan ba har na tashi.

Bayan azahar na zauna a teburina da takardun. Duk wanda ya shaida min mutuwa da bakinsa, ina da hujjar sa masa goma a gurbi na uku. Na ɗauki biro na fara daga sama, ina rubutawa ba wata damuwa, har na iso layi na takwas. Nan hannuna ya tsaya. Fuskar Kawu nake gani da hularsa a gwiwa. Ni da na yi ta yi musu tsiya a raina, ni da digirina biyu, sai ga shi ina jin kamar in na rubuta lambar nan a layinsa na ɗora masa wani abu. Gumi ya karyo min duk da fanka na juyawa. Na yi a'uziyya, na ce wa kaina tawada ce da takarda, ajali na hannun Allah, na daure na rubuta goma. Layi na tara kuwa, na Baba, na bar shi wofi a takarda, na bar huɗun da ke cikin kwamfuta. Na ce ai bai faɗa min komai ba, ba ni da hujja. Gaskiyar ita ce ko ya faɗa da ba zan iya ba. Duk da haka da na sake lissafin, mahaɗar ta tashi daga ta bakwai ta koma ta biyu. Na kai wa shugaba, ya karanta labaran da na rubuto.

Alhamis da safe ina shirin fita wayata ta yi ƙara. Inna ce. Ta ce an aiko wai wani abu ya faru a titin tifofi, kuma ta kira Baba sau uku ba ya ɗauka. Ban san yadda na tuƙa motar ba. Abin da nake tunawa shi ne ina ta maimaita sunan Allah ɗaya, kuma a ƙasan zuciyata wata murya na cewa ai ban rubuta a layinsa ba, ban rubuta ba. Tun daga nesa na hango taro. Na bar motar a buɗe na kutsa. Abin da na fara gani shi ne hanji da tumbi warwatse a kan kwalta, da daro a kife, da babur a ƙarƙashin wata babbar mota.

Baba yana zaune a gindin katangar, rigarsa duk jini. Na saba ganin jini a rigarsa tun haihuwata, amma ban taɓa ganinsa har ƙirji ba. Na durƙusa ina taɓa shi ko'ina, ya riƙe hannuna ya ce shi lafiyarsa lau. Tare suka fito daga kwata shi da Kawu, igiyar namansa ta saki, ya tsaya ɗaurewa, Kawu ya ce masa ya same shi gaba. Kan Kawu ne a cinyarsa har aka zo aka ɗauke shi.

Na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, abin da na fara ji farin ciki ne cewa ba Baba ba ne. Bayansa sai wani tsoro ya rufe ni wanda ban taɓa jin irinsa ba, don na tuna layi na takwas.

Kafin la'asar an kai Kawu makwancinsa. Dangin direba suka zo, aka ce an yafe. Da mutane suka ragu Baba ya aiko a kira ni zaure. Ya canza riga, yana zaune a kan tabarma da carbi a hannu, ya tsufa cikin yini ɗaya.

"Takardar nan taki tana nan?"

"Tana nan, Baba."

"Gurbina na nan wohi?"

Na gyaɗa kai.

"To rubuta goma. Ni nic ce."

Na so in ce masa a bari, mahaɗar ta riga ta shiga cikin ukun, ba a bukatar lambarsa. Na so in faɗa masa abin da na rubuta jiya a layin abokinsa, ya ce min ba komai, ko ya zage ni, ko wanne ne dai in samu sauƙi. Ban iya ko ɗaya ba. Na ciro takardar daga jaka na rubuta a gabansa, goman ta fito a karkace. Ya duba ya ce Allah ya sa ta yi amfani.

Na san tawada ba ta kashe mutum. Na san gangaren da katangar suna nan tun kafin in iya riƙe biro, kuma goman da na sa wa Kawu shi ya ba ni ita da bakinsa. In ɗalibai suka zo ofis koyon aiki ina yi musu wannan bayanin tiryan-tiryan, in ja musu kunne kada su kuskura su cike gurbin da mutum ya bari, su koma su sake tambaya ta wata hanya. Amma sani daban, abin da ciki ke ji daban. An sa hannu, sai dai aikin bai fara ba sai da ruwa ya sauka, kuma duk tsawon watannin nan Baba bai fasa bin hanyarsa ko rana ɗaya ba, da goma a layinsa. Na roƙe shi ya zagaya ta wata hanyar, ya ce nama ba ya jiran zagaye a zafin Sakkwato. Na rame har mijina ya ɗauka ciwo ne.

Daga baya an datse kusurwar katangar, an sa tudun rage gudu a gangaren, an kafa allon gargaɗi. Baba ya fi kowa ƙorafi, wai tudun na girgiza masa baya. Har yau ban faɗa masa zancen layi na takwas ba, takardar tana can ƙasan durowata.

Abin da ya zame min jiki shi ne kullum in hantsi ya yi sai na buga masa waya, in ce ina tambaya ne ko an samu hanta mai kyau yau, alhali ni ko son hanta ba na yi. Da farko yakan ba ni amsa. Yanzu da ya ɗauka, kafin in gama sallama sai ya ce, "Na ƙetare, ɗiyata," ya kashe wayar ya koma kan namansa.